Ƙarin da ke Jan Bututun Jini: Darasi Daga Cinyar Karen Kawu

Na san wasu da sun ga kalmar kare a saman shafin nan za su ce mujallar ƙungiyarmu ta rasa abin bugawa. Ku ɗan yi haƙuri ku bi ni. Ni ɗalibin SLT ne, kuma abin da zan ba ku labari ya faru ne a gidan Kawuna a Gyaɗi-Gyaɗi, inda na zauna lokacin SIWES saboda ya fi kusa da wurin aikina a Titin Zariya. A nan ne na gane wani abu da aka sha karanta mana a aji yana wucewa ta bayan kunnena: kansa ba ta iya girma sai ta samo wa kanta jijiyoyin jini, kuma akwai yadda ake ganin wannan aiki nata a kan gilashi.

Yadda abin ya fara

Kawu yana da karen gadi, baƙi wuluk, ruwa biyu tsakanin Boksa da na gida, ana ce masa Duna. Shekararsa takwas. Baba maigadi ne ke kula da shi, shi ke ba shi abinci, ya sake shi da dare, ya ɗaure shi da asuba. Ana tsakiyar zafin watan Afrilu Baba ya kira ni ya nuna mini wani ƙulli a cinyar karen ta baya, bai fi gurjiya ba.

"Ɗan boko, duba min nan. Jiya ya kai goro, yau kuma ya sace. Kaska ce ko ƙuda?"

Ni da ban san komai ba na ce, "Baba, kaska ce." Ya samo baƙin mai wajen wani bakanike ya shafa. Aka yi sati uku ƙullin yana hawa yana sauka, in an taɓa shi sai ya yi ja ya kumbura. Daga baya ya fashe yana tsattsafo da jini, Duna ya fara amai, ya daina cin abinci. Da na ce a kai shi wurin likitan dabbobi, Kawu dariya ya yi.

"Kare? Asibiti? Kai yaro, boko ya yi maka yawa."

Baba ne ya durƙusa ya ce, "Alhaji, shekara takwas ɓarawo bai haura katangar nan ba. A taimaka masa." Kawu ya yi shiru, can ya ce ai ko a hadisi an ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, mu ɗauki mota mu tafi.

Likitan bai yi wata doguwar magana ba. Ya soka siririyar allura cikin ƙullin, ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, ya shafa a gilashi, ya rina da rini irin na Giemsa da muke amfani da shi wajen gwajin maleriya. Da ya ji ni ɗan SLT ne sai ya ce in leƙa. Na ga ƙwayoyi zagayayyu cike da ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi mai duhu da ya karkata zuwa ja, har ɗigon ya rufe tsakiyarsu. Ya ce, "Wannan ƙarin ƙwayoyin mast ne. Kansar fata ce."

Ƙwayoyin mast ba baƙi ba ne a jiki, ni da kai ma muna da su. Bajamushen nan Paul Ehrlich ne ya fara bayaninsu a 1878. Sojojin garkuwar jiki ne da ke zaune a fata da hanji da hanyar numfashi, kuma ɗigon nan da na gani buhunan sinadarai ne, ciki har da histamin da hefarin. Histamin ne ke sa kumburi da ƙaiƙayi in sauro ya cije ka, hefarin kuma yana hana jini daskarewa. To ka ga, duk abin da ya rikita Baba ya samu amsa: in an matsa ƙullin sai buhunan su fashe ya kumbura, in an bar shi ya sace. Aman kuma histamin ne ke sa ciki ya yawaita zubar da asid. A ƙididdigar ƙasashen Turai da Amurka, wannan ƙari shi ne kusan ɗaya cikin biyar na duk ƙarin fatar karnuka, kuma jinsin Boksa na cikin waɗanda ya fi kamawa.

Daga ɗan garuwa zuwa bututu

Tambayar da na yi wa likita ita ce, me ya sa abu ɗan ƙarami haka yake zubar da jini? Amsarsa ce ta sa na shafe sauran SIWES ina karatu.

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana buƙatar iskar oksijin da abinci, kuma jini ne ke kawo su. Amma oksijin ba ya iya ratsa tsoka da kansa ya yi nisa. Iyakarsa maikiromita 100 zuwa 200 daga jijiya mafi kusa, wato bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Saboda haka ƙarin da bai da jijiyoyinsa ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, kamar ƙaramar ƙwayar gero. In ya wuce haka, ƙwayoyin tsakiya sai su shaƙe su mutu.

Duk wanda ya zauna a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi lokacin zafi zai gane wannan. Gida mai mutum biyar, ɗan garuwa da kurarsa ya ishe shi. Amma ka gina unguwa guda mai gida ɗari, jarka ba za ta riƙe ta ba, dole a ja bututu daga babban layi. Kansa ma haka take. Matuƙar tana dogara da ɗan garuwa, tana nan ƙarama, wani lokaci shekara da shekaru ba a san da ita ba. Ranar da ta samu hanyar jan bututu, ranar ta fara zama barazana.

Wani likitan fiɗa a Boston ta Amurka, Judah Folkman, shi ya fito da wannan magana fili a 1971 a mujallar New England Journal of Medicine. Ya ce girman kansa ya dogara ne kan tsirowar sababbin jijiyoyin jini, kuma in aka toshe wannan hanya za a iya tsayar da ita. Da farko da yawa daga abokan aikinsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Kafin rasuwarsa a 2008 sai da ya ga an fara ba marasa lafiya magungunan da aka gina kan ra'ayinsa.

To yaya kansa ke kiran mai jan bututu? Idan oksijin ya yi ƙaranci, wani furotin da ake kira HIF yana taruwa a cikin ƙwayar, ya kunna umarnin ƙera wani furotin mai suna VEGF. Gano yadda ƙwayoyi ke jin ƙarancin oksijin ne ya sa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka samu kyautar Nobel a 2019. Shi VEGF saƙo ne. Yana fita daga ƙarin ya je ya sauka kan ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini na kusa, ya kama wata makama a jikinsu, wadda ta fi muhimmanci ita ce VEGFR-2. Daga nan sai su fara rabuwa, su huda bangon jijiyar, su miƙe kamar reshe zuwa inda saƙon ya fito. Wannan aiki ba mugu ba ne a asalinsa. Da shi rauni ke warkewa, da shi ɗan tayi ke girma a ciki. Kansa sata kawai ta yi.

Kuma aikin sata ba ya kyau. Jijiyoyin da kansa ke ja a karkace suke, bangonsu siriri, suna yoyo kamar bututun da aka haɗa da dare da roba da ƙyauren taya. Ma abin da aka fara sanin VEGF da shi ke nan: a 1983 ɗakin binciken Harold Dvorak a Boston ya gano shi a matsayin sinadarin da ke sa jijiyoyi yoyo, sai a 1989 Napoleone Ferrara na kamfanin Genentech ya ware shi ya nuna yana sa su tsiro. Yoyon nan na cikin dalilan da ke sa kansa saurin zubar da jini. Abin da ya fi haɗari shi ne bututun ba kawo kaya kaɗai yake yi ba, yana kuma fitarwa. Ta cikin jijiyoyin jini da na ruwan limfa ƙwayoyin kansa ke tserewa su kafa sabuwar unguwa a kaluluwa, hanta, saifa ko huhu.

Yadda ake ganinsu a kan gilashi

Nan ne aikinmu na 'yan lab ya shigo. An yi wa Duna tiyata, likita ya yanke ƙullin haɗe da lafiyayyar fata kusan santimita 2 ta kowane gefe, da shimfiɗar tsoka ɗaya a ƙasa, domin irin wannan ƙari yana da saiwoyin da ido ba ya gani. Ni aka sa in kawo kwalbar ajiye naman. Na kawo 'yar ƙarama da fomalin kaɗan a gindinta, wai ina tattali. Likita ya dube ni ya ce, "Malam, me aka koya muku? Nama kashi ɗaya, fomalin kashi goma." Wallahi kunya ta kama ni. Da an tafi da shi haka, tsakiyar naman zai ruɓe kafin fomalin ya ratsa, duk wahalar ta tashi a banza.

Bayan naman ya kwana ɗaya zuwa biyu a fomalin mai kashi 10 cikin 100, ana tsane ruwansa da barasar lab, a wanke da zailin, a dasa shi cikin kakin farafin. Sai a ɗora a maikirotom a fere shi siriri, maikiromita 3 zuwa 5, a shimfiɗa a gilashi. Rinin yau da kullum, hematoksilin da iyosin, yana nuna siffar ƙwayoyi. Amma ƙananan jijiyoyi da yawa sun matse, ba za ka bambance su ba. Don haka ake amfani da wata dabara da zan kira rinin garkuwa. Ana zuba furotin ɗin garkuwa da aka ƙera don ya kama abu guda tak, sai a bi shi da sinadarin DAB wanda ke mayar da duk inda ya kama ruwan ƙasa.

Abubuwan da ake kamawar su ne alamomin. CD31 furotin ne da ke jikin ƙwayoyin shimfiɗar jijiya, shi aka fi amfani da shi. Akwai sinadarin von Willebrand, wanda ya fi fitowa a manyan jijiyoyi, yana iya tsallake ƙanana. Akwai CD34. Akwai CD105, wanda ya fi yawa a jijiyoyin da ke kan tsirowa, don haka yana taimakawa a bambance sabon bututu da tsoho. Waɗannan duk suna nuna bututun ne. Shi kuwa VEGF da makamarsa, in aka rina su, suna nuna ƙarfin kiran da kansar ke yi.

Ƙirgar ma tana da ƙa'ida. Noel Weidner, tare da Folkman da abokan aikinsu, suka tsara ta a 1991 a kan kansar mama ta mata. Za ka fara duba gilashin da ƙaramin ƙarfi ka nemo inda ruwan ƙasa ya fi cunkushewa, sai ka ƙara ƙarfi zuwa ninki 200 ka ƙirga. Duk ɗigo ko zare mai ruwan ƙasa da ya ware daga na kusa da shi, jijiya ɗaya ce, ko da ba ka ga rami a tsakiyarta ba. Sun gano cewa matan da ƙarinsu ya fi yawan jijiyoyi sun fi fuskantar bazuwar cutar. Daga nan likitocin dabbobi suka ɗauki dabarar suka gwada ta a karnuka. Likitanmu ya nuna mini hotunan irin waɗannan gilasai a kwamfutarsa. Wani fili jijiyoyi 'yan kaɗan a warwatse, wani kuma kamar ka leƙo lungunan cikin birni daga sama.

Kada a ɗauka duba ne

Nan sai a yi hattara, domin har ni na so in zaƙe. A ƙarin ƙwayoyin mast na karnuka, an yi bincike da ya nuna masu cunkoson jijiyoyi sun fi zama mugaye. Amma yawan VEGF shi kaɗai bai cika faɗin yadda karen zai ƙare ba, sakamakon bincike ya sha bamban. Dalilai a bayyane suke. Mutum biyu za su iya zaɓar fili daban a gilashi ɗaya. Alamar da aka yi amfani da ita tana canza adadin. Naman da ya daɗe a fomalin ba ya karɓar rini yadda ya kamata. Su kansu lafiyayyun ƙwayoyin mast suna fitar da VEGF. Ga kumburi da miki, su ma suna jawo jijiyoyi, kuma ƙullin Duna da ya sha baƙin mai da susa ba zai rasa wannan ba.

Shi ya sa har yanzu abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne matakin ƙarin. Tsarin Patnaik na 1984 ya kasa shi mataki uku, tsarin Kiupel na 2011 ya mayar da shi biyu, mai sauƙi da mai tsanani. A na Kiupel, in aka ga ƙwayoyi 7 ko fiye suna rabuwa a cikin fili 10 na babban ƙarfi, ya shiga mai tsanani. Ana ƙarawa da Ki-67, mai nuna saurin hayayyafa, da sauyin ƙwayar gadon KIT. Ƙirgar jijiyoyi ƙarin shaida ce, ba alƙali ba. Naman Duna ma ba a yi masa rinin garkuwa ba, don sinadaran suna da tsada kuma sai an adana su a sanyi. Rinin yau da kullum aka yi.

Inda ilimin ya fi amfani shi ne wajen magani. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Avastin, wanda ke kama VEGF ya hana shi isar da saƙo, don kansar hanji a mutane. A 2009 ta amince da Palladia, magani na farko da ta amince da shi musamman don kansar karnuka, kuma don ƙarin ƙwayoyin mast aka yi shi. Yana toshe KIT, yana kuma toshe VEGFR-2, wato yana dukan kansar yana datse mata bututu. Ba abu ne da za ka shiga kemis a kasuwar Tarauni ka saya ba, kuma ko Avastin yawanci jinkirta cutar yake yi, domin kansa takan samo wata hanyar kira. A wurinmu wuƙar likita da wuri ta fi komai.

Sauran da ya kamata a sani

Ba ƙwayoyin mast kaɗai ba ne. Karnuka masu farin ciki da ƙarancin gashi, masu kwanciya a rana, suna kamuwa da kansar saman fata da hasken rana ke jawowa. Akwai kuma wadda ƙwayoyin shimfiɗar jijiyar ne da kansu suka zama kansa, takan fito kamar ƙullin jini ja ko baƙi. A wannan, CD31 da von Willebrand ba ƙirga ake yi da su ba, da su ake tabbatar da sunan cutar.

Wadda za ka fi gani a karnukan da ke yawo sakaka ita ce ƙarin da ke yaɗuwa ta barbara. Yana fitowa a al'aura kamar farin kabeji mai jini, wani lokaci a hanci, baki ko fata. Abin mamaki, ƙwayar kansar ce da kanta ke tsallakawa daga kare zuwa kare. Likitan dabbobi ɗan Rasha, Mstislav Novinsky, ya nuna ana iya dasa ta a 1876. Kare yana da kuromosom 78, ita kuwa kusan 59 gare ta. Elizabeth Murchison da tawagarta a Ingila sun nuna duk daga kare ɗaya ta samo asali, wanda ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ba ta kama mutum, kuma tana jin allurar binkiristin da likita ke yi ta jijiya sau ɗaya a sati na 'yan makonni. An samo maganin ne daga furen nan ɗan Madagaska, fari ko ruwan hoda, da ake shukawa a ƙofar gidaje. Don Allah kada wani ya dafa shi ya ba dabba ko mutum, guba ne.

Sakamakon Duna ya dawo bayan sati uku: mataki mai sauƙi, gefunan yankan babu kansa. Yau wata goma sha ɗaya, tabo kawai ya rage, Baba yana shafa jikinsa duk Juma'a yana laluben sabon ƙulli kamar yadda likita ya koya masa, domin karen da ya yi ɗaya yana iya yin wani. An kuma yi masa rigakafin haukan kare, wanda ashe bai taɓa samu ba.

Ga mai kare, ko na gadi ko na farauta: duk ƙullin da ya kai gurjiya ya yi wata guda, ko yake hawa da sauka, ko ya fashe ya ƙi warkewa, a kai wa likitan dabbobi. Kada a matsa, kada a ƙona, kada a shafa baƙin mai. Gwajin allura ba ya ɗaukar minti talatin. In abin ya fi ƙarfin na kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Abin da ya ci Doma kuma ba ya barin Awai. Dabarar ƙirgar nan a kansar mama aka fara ta, kuma ƙa'idar ɗaya ce a jikinmu. Duk safiya ina wucewa ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ina tunanin iyayenmu mata nawa ne ke ɓoye ƙulli a mama saboda kunya ko tsoron wuƙa, suna shafe-shafe har sai ya fashe. 'Yan uwanmu masu lalurar zabiya ma, rana na jawo musu kansar fata, duk mikin da ya ƙi warkewa a kunne, wuya ko fuska ya kamata likita ya gani. Ƙullin da hannu ya iya ji ya riga ya wuce milimita 2, ya fara jan bututunsa, don haka kowane wata na jinkiri riba ce gare shi. Ku faɗa wa na gida.

Ku kuma 'yan ajinmu da ke neman batun furojet, ga shawara. Ba sai kun sayi CD31 ba. Ku nemi izinin wani likitan dabbobi a Kano, ku tattara gilasan allura na ƙullin karnuka na wata shida, ku rina da Giemsa, ku rubuta wane iri ne ya fi yawa, a wane jinsi, a wace shekara, shi likitan ya tabbatar muku da abin da kuka gani. Adadin ɗaya cikin biyar da na kawo na Turai da Amurka ne, ba na Kano ba. In kun je karɓar nama kuma, ku tafi da babbar kwalba.

Allah ya ba mu lafiya da ilimi mai amfani, amin.